Agwagwar Ta-Kamba

A shekarar da aka kewaye tabkin Maikalgo da waya, ni aka ɗora wa aikin gaya wa mutane su kwashe agwaginsu daga ruwan. Sunana Nusaiba, ma'aikaciyar ruwa da daji, haifaffiyar Dogon Dutsi. An turo ni wannan ƙauye na gefen Dumega da babur, da madubin hangen nesa, aka haɗa ni da wani dattijo mai suna Maikano wanda aka ɗauka gadin wayar. Ban san kowa ba, kuma saƙon farko da na kai musu shi ne wanda ba su so ji ba.

Tabkin ba wani babba ba ne, amma yana riƙe ruwa har tsakiyar rani, lokacin da sauran tabkunan kwarin duk sun tsage. Shi ya sa tsuntsaye suke taruwa a kansa: kirinjijiya garke-garke, dinya, zalɓe mai tsayuwa kamar an kafa shi, jinjimi, balbela, da zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya barin mutum ya wuce bai tona masa asiri ba. Sai kuma gauraki biyu, mace da namiji, waɗanda mutanen nan suke kira kumare. Saboda su biyun nan aka yi wayar. Tsofaffi sun ce da can gauraki sukan rufe bakin ruwan, kuma ba mai taɓa ƙwansu, don ana cewa tsuntsayen doguwar tabkin ne, wato aljanar da ke cikinsa. Samarin yanzu sun yi karatu, sun ce wannan shirka ne, ni ma abin da na ce ke nan. Sai dai na lura da abu ɗaya: tun da tsoron ya fita daga zukata, ƙwai ya fara shiga tukunya. Aikin da doguwa ta bari shi waya ta ɗauka, ni kuma aka ba ni wayar.

A lakwal, wato makarantar aikin daji, an koya mana cewa akwai tsuntsayen ƙasa, akwai masu zuwa su koma da fiffikensu, akwai kuma waɗanda mutum ya ɗauko daga wata duniya ya saki. Agwagwar gida tana cikin na ƙarshe, kuma ɓarnarta ba ƙage ba ce. Da idona na ga toron agwagwa ya danne 'ya'yan kirinjijiya a cikin ruwa har suka daina motsi. Suna tattake sheƙa, suna dama ruwa, in kuma an sayo mai ciwo daga kasuwa, sai ta raba wa tabkin duka. Saboda haka doka ta ce agwagwa ba ta shiga, kuma duk mai ita ya yanke mata gashin fiffike don kada ta tsallake waya. Har yau ban ga laifin dokar nan ba.

Kowa ya yi gunaguni ya bi, ban da mace ɗaya. Sunanta Lantana, amma ba mai kiranta haka. Ta-Kamba ake ce mata, don daga Kamba aka auro ta, can ƙetaren iyaka, tun kafin a haifi uwata. Mijinta ya rasu. 'Ya'yanta maza uku duk sun tashi, ɗaya yana Yamai, ɗaya yana Kwatano, autan, Anas, yana da shago a Dutsi. Gidanta shi ne na ƙarshe kafin tabki, agwaginta kuwa jikokin wasu biyu ne da kakarta ta sa mata a cikin kayan aure.

Na same ta tana sussukar gero. Na gaida ta, na yi bayani dalla-dalla yadda aka koya mini. Ta bar ni na gama, sannan ta ajiye taɓarya.

"Shamuwa hwa?" ta ce. "Ta zo da damana, ta ci, ta yi ɗiya bisa iccenmu, ta kwashe su ta tahi ko ban kwana babu. Ita ɗiyar ƙasa ta?"

"Da fiffikenta take zuwa, Inna. Agwagwa kuwa a kwando aka kawo ta."

"Ni ma ga amalanke anka kawo ni," in ji ta. "Sai ki yanke mini nawa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce mata maganar mutum daban, ta tsuntsu daban, kuma in na sake ganin agwagwa a cikin waya zan kama. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da sussuka. Washegari na wuce na ga gashin fiffike baƙi da fari a watse a ƙofar gidanta, ta yanke musu duka, ta kuma bar gashin a inda zan gani. Daga ranar in na gaishe ta takan amsa wa babur ɗina ne, ba ni ba.

Damana ta sauka da ƙarfi a shekarar. Gaurakin suka yi sheƙa a cikin ciyawar da ke tsakiyar ruwa, tulin haki ne kawai da suka tattake, macen ta kwanta. Ni da Maikano muka riƙa leƙensu daga nesa kamar masu jiran haihuwa a gida. Sai wata rana a watan takwas aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi, kwari ya kawo daga arewa. Da la'asar da aka ɗauke, na ɗaga madubi na ga gaurakin suna tsaye a kan tudu, suna kuka, sheƙar kuwa ta nutse sai ɗan gefenta.

Muka shiga ruwan har ƙirji. Ƙwai uku ne. Biyu suna cikin ruwa, sun yi sanyi ƙalau. Na ukun ya maƙale a saman hakin, da na taɓa shi na ji ɗumi kaɗan. Na sa shi cikin rigata, a jikin cikina, na tsaya a nan ruwa yana ja na, ban san inda zan kai shi ba. Injin ƙyanƙyasa mafi kusa yana Dutsi, hanyar kuwa ruwa ya yanke ta, ƙauyen kuma ba wuta.

Maikano ya share fuska ya ce, "Madam, kaza ba ta iya ruhe wanga ƙwai, ya yi mata girma. Amma Ta-Kamba tana da agwagwa bisa ƙwai."

Na dube shi. Bai yi dariya ba, amma na san tana cikinsa.

Haka na shiga gidan Lantana, jiƙe sharkaf, hannu biyu a kan ciki. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ikon Allah. Yaushe anka yi auren?" Na fito da ƙwan na nuna mata. Shuɗi-shuɗi ne mai haske, ya fi na agwagwa girma sosai. Fuskarta ta sake. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta kara shi a kumatunta.

"Da rai," ta ce. Sai kuma ta tuna ko ni wace ce. "To, mi kike so? Baƙuwa ta kwanta ma ɗan ƙasa?"

"Shi nake roƙo, Inna."

"Dokarki ta yarda?"

"Dokar ta hana ta shiga tabki ne. Ba ta hana tabki ya zo wurinta ba."

Ta yi tsaki, amma ta nufi bayan rumbu. A can ƙarƙashi wata tsohuwar agwagwa mai baƙi da fari take kwance. Bebiya ake ce mata, don ko cikin irin nasu marasa murya ita ta fi shiru. Lantana ta jira magariba ta kawo kai, ta shafa wa ƙwan hakin sheƙar don ya ɗauki warin gida, ta zura shi a ƙarƙashinta. Bebiya ta hura wuya, ta sassare ta a hannu, sannan ta gyara kwanciya.

Ni ma a gidan kaji na girma, uwata tana sa wa kaza ƙwan zabi kowace damana, saboda haka na san matsalar da ke gabanmu kafin Lantana ta faɗa. Ƙwan Bebiya sun kusa fashewa, na gauraka kuwa da saura. Ranar da ta ji 'ya'yanta suna motsi a ƙarƙashinta za ta tashi da su, ta bar baƙon ya huce. Hanya ɗaya ce, a kwashe nata tun ba su fashe ba, don ta ci gaba da kwanciya. Na kasa buɗe baki in roƙi wannan. Lantana ta dube ni tana jira, da ta ga ba zan ce ba, sai ta durƙusa ta fara zaro ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana sawa a ƙwarya. Ta kai wa wata kaza mai kwanci, kazar kuwa ba ta iya rufe su duka ba. Bayan kwana biyu na ga waɗanda suka lalace a zube a bayan danga. Ba ta taɓa yi mini maganarsu ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Bebiya ta wuce lokacinta tana kwance. Ta rame, jan fuskarta ya koɗe, in ta fito shan ruwa sai ta yi tangaɗi ta koma da sauri. Kullum nakan biyo da safe, Lantana ta ce, "Ba labari," in wuce. Amma yanzu ni take gaya wa, ba babur ba.

Ran nan na iso na same ta a tsugune a bakin rumbu, ta ɗaga mini hannu in yi a hankali. Wani abu ja-ja mai laushi ya leƙo daga ƙarƙashin fiffiken Bebiya, ya miƙe a kan ƙafafun da suka fi ƙarfinsa, ya faɗi, ya sake miƙewa. Bebiya ta karkata kai tana kallonsa da ido ɗaya, ta juya ta kalle shi da ɗayan. Ban san abin da ta gani ba. Ta dai sa baki ta tura shi ƙarƙashinta.

"Dogo," in ji Lantana. Sunan ya zauna.

Da gara muka fara ciyar da shi, yadda ake yi wa 'yan zabi. Maikano yakan kifa tsohuwar tukunya da kashin shanu a bakin suri, da safe ya kawo ta cike. Daga baya muka koma fara. Dogo ya riƙa tsawo kamar ana jan sa da igiya. Kafin gero ya nuna ya ninka uwarsa, amma in hadari ya taso sai ya rugo ya cusa kai a ƙarƙashin fiffikenta, sauran jikin duk a waje yana shan ruwa. In ta shiga kududdufin bayan gida, shi sai ya bi gefe yana takawa, yana mata kuka ta fito. Mata sukan zo kallo su yi ta dariya. Lantana takan kore su, ta ce ba a yi wa ɗan mutane dariya a gaban uwarsa.

Ni kuwa dariyar ba ta kai mini ciki ba. Gaurakan da ya girma bai san gauraka ba, kazar gida ce mai dogon wuya. Ba don a ƙara wa Lantana dabba na shiga ruwa har ƙirji ba. Dole ya ga irinsa, ya ji kukansu, tun kafin fiffikensa ya ƙosa. Na gwada ɗaukarsa zuwa tabki ni kaɗai, ya yi ta ihu yana harbi har na sake shi, ya koma gida a guje. Ba ya zuwa ko'ina sai bayan Bebiya.

Na ce wa Maikano to mu shigar da ita cikin waya, ita kaɗai, da safe kawai. Ya girgiza kai. "Madam, in kinka bar guda ta shiga, gobe garin ga duka shina bakin ƙohwa da agwaginsu. Kuma da gaskiyarsu."

Saboda haka muka riƙa bin wayar ta waje. Kowace safiya Lantana a gaba da ƙwaryar dusa, Bebiya tana binta tana rangaji, Dogo yana bin Bebiya, ni a baya da madubi a wuya. Mukan je har inda wayar ta fi kusa da tudun da gaurakin suke kiwo, mu zauna. Iyayensa ba su sake yin ƙwai ba a shekarar, su biyun ne dai. Sukan ɗaga kai su dube mu, su ci gaba da abin da suke yi. Ba su san shi ba, shi ma bai san su ba. Amma ranar da suka yi kukan nan nasu mai kamar busa ƙaho, Dogo ya bar farar da ke bakinsa ta faɗi, ya miƙe wuya, ya daɗe a haka. Lantana ta gani. Ta tattara ƙwaryarta ta ce rana ta yi, mu koma.

A zaman nan na bakin waya ne na san ta. Ta ba ni labarin Kamba, da kogin da take wanka tana yarinya, da yadda ta zo nan ta tarar ana jan ruwa da guga mai igiya kamar ba za ta ƙare ba. Ta ce duk matan da suka yi mata lalle sun mutu, ita ta wanke da yawansu, amma jikokinsu har yau Ta-Kamba suke ce mata. Ba da ɗaci ta faɗa ba. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, na koma ɗakina ina ta juya shi.

Bayan an yi girbi Anas ya zo ganin uwarsa. Saurayi ne mai natsuwa, da ɗan gemu da wando ɗangalalle, ya kawo mata shinkafa da sabulu. Ya ga Dogo yana bin ta har madafa, yana jan bakin zanenta, ya ga yadda take masa faɗa tana dariya. Da zai tafi ya same ni a bakin waya.

"Madam, na daɗe ban ji Inna tana dariya haka ba," ya ce. "Na yi na yi ta dawo Dutsi wurina, ta ƙiya. A birni akwai masu kumare cikin gida, an yanke musu hiffike, suna nan lahiya lau shekara da shekaru. Ki bar mata shi. Shi ɗebe mata kewa."

Na ce masa doka ta hana riƙe gauraka a gida, kuma a duk kwarin nan saura biyu.

"Na sani," ya ce. "Amma ba doka ka kwana da ita cikin gidan nan ba. Ita ɗai ta."

Ya tada babur ɗinsa ya tafi. Ba mugun nufi gare shi ba, ɗa ne da kunyar barin uwarsa take ci. Kuma na san ya gaya mata abin da ya gaya mini. Ina da ikon in ƙwace tsuntsun, amma in kai shi ina? Kuma yanke fiffike ba ya ɗaukar lokacin da za a sha ruwa. In ta yi niyya, kafin in ji labari an gama, Dogo ya rasa tashin shekarar nan, wataƙila daga nan ba zai ƙara neman tashi ba.

Lokacin ya zo da kansa. Gashin agwagin ƙauyen ya sake fitowa, dokata kuma ta ce a sake yankewa, ni ce mai zagayawa in duba. Na bar gidan Lantana a ƙarshe. Na same ta a zaune a kan kifaffen turmi da almakashi, ta rufe agwagin a akurki tana fito da su ɗaya-ɗaya. Takan take ƙafafun da tafin ƙafarta, ta buɗe fiffike ɗaya, ta datse dogayen gashin, ta saki. Da ta kamo Bebiya na ce, "Inna, wannan ki bar ta." Ko kallona ba ta yi ba. "Doka ba ta san Bebiya ba," ta ce, ta datse.

Dogo yana gefe yana kallo. A lokacin ya kai mini ƙugu, tuntun kansa ya fara tsirowa kamar tsinken tsintsiya, kuma kwanakin nan yakan ruga a tsakar gida da fiffike a buɗe har ƙafafunsa su bar ƙasa. Da ya ga an saki uwarsa, sai ya tako da kansa ya tsaya a gaban Lantana, yana tsattsagar ɗan kunnenta. Ba wanda ya kama shi. Ta sa hannu ta buɗe fiffiken, fari tas a sama, baƙi da ja a ƙasa, ya fi tsawon hannunta. Almakashin yana ɗaya hannun.

Na yi niyyar in yi magana, na ga duk abin da zan faɗa ta riga ta sani.

"Uku na goya," ta ce, ba ni take kallo ba. "Nan anka yanke musu cibi. Gonakin ga nasu na, kakanninsu na kwance bayan gari. Su a 'yan ƙasa. Sun tashi duka. Ni da anka kawo ga amalanke, ni ɗai nir rage ina tsaron wurin." Ta shafa gashin da babban yatsa. "Anas ya ce in yanke. Da na iya yanke nashi, da na yanke tun shina ƙarami."

Ta daɗe a haka. Dogo ya gaji, ya fara ja. Sai ta saki fiffiken, ta miƙo mini almakashin ta wajen mariƙi.

"Riƙe. Ki tahi da shi gidanki. Ko na aiko, ko na zo da kaina ina kuka, kar ki ba ni."

Na karɓa na sa a jakata. Ban yi godiya ba, don na ga godiya za ta ɓata mata rai.

Bai tafi nan da nan ba. Da sanyi ya shigo, wata safiya muna bakin waya gaurakin suka yi kuka, Dogo ya ruga, ya buɗe fiffike, sai ga shi a sama. Ya tsallake wayar da ƙyar, ya sauka a cikin ciyawa yana waige kamar wanda ya yi laifi. Da yamma ya dawo gida ya kwana kusa da Bebiya. Haka ya riƙa yi, wuni a tabki, kwana a gida, kullum yana ƙara matsawa kusa da tudun. Namijin ya kore shi sau da yawa, daga baya ya ƙyale shi. A kwanakin nan sau ɗaya Lantana ta zo ƙofar ɗakina. Ta tsaya, ta gaishe ni, ta tambayi lafiyar mutanen Dutsi, idonta yana kan jakar da ke rataye. Na amsa gaisuwar. Ta juya ta tafi.

Da tabkunan arewa suka ƙafe, wani garken gauraki ya sauko mana, abin da Maikano ya ce rabon da ya gani tun yana da ƙarfin noma. Akwai manya, akwai 'yan bana masu guntun tuntu irin na Dogo. A yammacin ranar bai koma gida ba. Washegari ma haka.

Da safe na ga Lantana tana tahowa ba ƙwarya a hannunta. Ba ita ce a gaba ba wannan karon, Bebiya ce, tana sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Ta zo wurin zamanmu ta wuce, ta riƙa bin wayar tana cusa kai a kowace kafa. Da garken ya yi kuka sai ta ja da baya, ta buga fiffike, ta ɗaga kaɗan, ɓangaren da aka yanke ya karkatar da ita ta faɗi a gefe. Ta tashi ta sake. Ba ta da muryar kira, sai wannan huci nasu da ba ya wuce taku biyu.

Lantana ta ce in ba ta madubin. Na gyara mata shi, ta ɗora a ido, ta daɗe tana bin garken daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wanne na shi?"

Na karɓa na duba. 'Yan bana suna kiwo a tsakiyar manya, kai a ƙasa, duk tsawo ɗaya, duk launi ɗaya. Na so in nuna mata ɗaya in ce ga shi, ba za ta taɓa sani ba. Na ce, "Ban gane shi ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Madalla," ta ce. "Ai abin da munka so ke nan."

Bebiya ta sake faɗuwa. Ƙofar wayar tana kusa da ni, mabuɗin yana aljihuna. Maikano ya juya baya, ya shiga gyaran wata dirka da ba abin da ya same ta. Tausayi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina, na kai hannu kan kwaɗon.

"Bari," in ji Lantana. "In ta shiga, Dogo ganin ta za shi yi shi biyo ta gida."

Ta sunkuya ta ɗauki agwagwar, ta kakkaɓe mata ƙasa, ta rungume ta a ƙirji. Bebiya tana ta miƙa wuya ta kan kafaɗarta wajen ruwa. "Mu tahi," ta ce mata. "Mun gama namu."

Ta yi 'yan taku, sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ɗiyata, ki kawo mini almakashina. Hiffiken Bebiya za shi sake hitowa."